Ƙofar da Shehinmu Ya Aika Kafinta Ya Gyara

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, zahidi mai tsantseni, wanda harshensa ba ya rabuwa da ambaton Ubangijinsa. Shekara talatin bai taka ko'ina ba in ba masallaci da ɗakin karatunsa ba, amma Allah Yakan sanar da shi abin da matafiya ba su sani ba. Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da wani kafinta, wanda mu ɗaliban Shehi muka gani da idonmu.

Kafintan nan ya haura shekara hamsin bai san sunan mahaifinsa ba. Mahaifin baƙo ne a garin, direban babbar mota, ya rasu a hatsarin hanya tun kafinta yana ciki. Mahaifiyar ta bi shi yaron yana shekara uku, wata maƙwabciya ta raine shi, ita kuwa abin da ta sani kawai shi ne kowa Direba yake kiran mamacin. Don haka bayan kowace salla kafinta yakan ce, "Allah Ka gafarta wa Direba," sai ya ji kunya kamar ya yi wa ubansa rashin ladabi. Abin ya ƙara yi masa nauyi lokacin da babbar 'yarsa ta kusa haihuwar fari, ta ce masa, "Baba, in namiji ne sunan mahaifinka nake so a sa masa." Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "To sai dai a raɗa masa Direba, ya zo da lasisinsa." Ita ta yi dariya, shi kuwa ya koma shago ya kasa riƙe zarto.

A makon nan aka kira shi ya gyara kantar littattafan Shehi, wadda ta lanƙwashe saboda nauyi. Bai faɗa wa kowa damuwarsa ba. Da ya gama, ya durƙusa yin sallama, sai Shehi, Allah Ya haskaka makwancin iyayensa, ya ɗago kai ya ce a natse, "Akwai ƙofar da ta fi kantata buƙatar hannunka. Gobe ka shiga motar gabas, ka sauka a tasha ta ƙarshe, ka bi layin maƙera. Za ka ga koriyar ƙofa ta karkace. Ka gyara, kada ka tambayi kowa komai." Ya dubi ɗan littafin awon da ke aljihun kafinta ya ƙara da cewa, "Wannan ya yi kaɗan. Nemi babba."

Kafinta bai fahimta ba, amma ya bi umarni. Tafiyar wuni guda ce. Ya tarar da ƙofar a buɗe, gindinta ya nutse cikin ƙasa, tsatsa ta cinye ƙarafunan da ke riƙe da ita. Ya yi sallama, ya ce wani bawan Allah ne ya aiko shi gyara, aka ba shi izini. Yana cikin aiki, ƙusoshi a baki, guduma a hannun hagu, sai wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta tsaya tana kallonsa.

"Ɗan nan, juyo in ga fuskarka," in ji ta. Ya juyo. "Wa ya haife ka?"

"Wallahi Iya, ban san sunansa ba. Direba ake ce masa."

Tsohuwa ta zauna a ƙasa. "Bahago ne? Da wushirya kamar taka?" Ya ce haka mai rainonsa ta gaya masa. Sai ta kama hannunsa ta fashe da kuka: "Kai ɗan yayana ne! Kira ni Gwaggo."

Ta faɗa masa sunan, ya maimaita sau uku, hawaye na sauka kan gemunsa. Ta ce yayanta ya bar gida ne bayan sun saɓa da mahaifinsu, maƙeri, wanda ya so ya gaje shi, shi kuwa mota ta shiga ransa. Bayan tafiyarsa maƙerin ya yi nadama, ya hana a rufe ƙofar nan ko da ɗansa zai dawo, ya rasu yana jira. Shi ya sa ta karkace. Gwaggo ta ci gaba da lissafi: uban maƙerin mai haƙar rijiya ne, rabin rijiyoyin unguwar aikinsa ne, uban wannan kuma masaƙi ne da ya zo da jaki ɗaya da mata ɗaya. Washegari kafin la'asar gida ya cika da dangi: ga malamar makaranta, ga mai gyaran rediyo, ga ungozoma, ga direbobi har huɗu, ana ta tsokanarsu cewa ciwon gado ne. Kafinta ya rubuta sunayen mutum sittin da uku a babban littafin da ya zo da shi, ya ɗora nasa 'ya'yan biyar a ƙasa.

Da ya dawo ya zube gaban Shehi yana godiya, Shehi ya ce, "Allah ne Ya haɗa, ni ƙofa kawai na faɗa maka. Ka bar layi biyu a ƙarshen littafin." Bayan kwana tara 'yar kafinta ta haifi tagwaye maza, alhali ɗa ɗaya hoton asibiti ya nuna. Aka sa wa ɗaya ainihin sunan Direba, ɗaya sunan maƙerin, uba da ɗan da suka rabu cikin fushi suka kwanta a shimfiɗa ɗaya, Gwaggo kuma ta yi doguwar tafiyar nan da tsufanta ta ɗauke su a cinya.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake buɗe wa bayinSa na gari abin da Ya so. Ya Allah, Ka ƙara wa Shehinmu daraja da kusanci, Ka jiƙan iyayenmu waɗanda muka sani da waɗanda sunayensu suka ɓace mana, Ka sanya albarka a bayanmu, Ka ba mu rabo daga albarkar bayinKa salihai. Amin.