Irin Shinkafa da Gonar Tsakuwa

Akwai wani saurayi a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Dogara. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, daga shi sai mahaifiyarsa a gida.

To, mutanen ƙauyen nan suna da wata al'ada. Idan samari sun isa riƙe gona ta kansu, sai dattawa su kira gayya a gonar gari. A jera samarin, kowa da garmarsa da kunyoyin da zai yi, a buga ganga. Waɗanda suka riga gamawa, aikinsu kuma ya yi kyau, su ake ba fadama a bakin rafi, inda shinkafa da rake suke yi. Na bayansu a ba su jigawa. Waɗanda suka zo daga ƙarshe kuwa, sai a nuna musu tudu, can inda ƙasa ta gauraye da tsakuwa.

Tun yana yaro Dogara fadamar nan yake so. Yakan tsaya a bakinta da yamma yana kallon iska na kaɗa shinkafa, har ya zaɓi wurin da zai kafa bukkarsa. Mahaifiyarsa ma ta sa rai. Duk lokacin da ta je taya wani yankan shinkafa, in aka ba ta ɗan abin hannu, ba ta dafawa. Sai ta zuba a tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta ce, "Wannan irin Dogara ne."

Ana gab da gayya zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, amma ƙarfinsa bai gama dawowa ba. Ran gayya ya fara da kyau, yana gaba, mata na guɗa. Da rana ta take sai hannuwansa suka yi nauyi. Wannan ya wuce shi, wancan ya wuce shi. Bai ajiye garma ba sai da ya gama kunyarsa ta ƙarshe, amma a lokacin mai ganga ya riga ya huta. Aka ba shi tudu.

Ya je wurin babban dattijo ya ce, "Baba, kun san aikina. Ba haka nake noma ba. A sake gwada ni."

Dattijon ya ce, "Mun sani, ɗana. Amma an riga an raba."

Ruwan fari ya sauka, mutane suka fita shuka. Dogara bai taka tudunsa ba. Kowace safiya sai ya duba tulun nan, ya shafa lakar da ke bakinsa, ya gangara fadama ya zauna a kan gaɓa. Yana cewa a ransa, wataƙila wani zai yi tafiya ya bar tasa. Wataƙila dattawa za su sake shawara.

Abokinsa Zakka, wanda ya sami fadama, yakan ɗago daga cikin taɓo ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Duwatsu! Yaya ka baro talakawanka?"

Dogara ya ce, "Suna nan inda na bar su. Ba sa gudu."

"To, ka je ka jefa musu wani abu mana. Zaman me kake yi a nan kamar balbela?"

Dogara ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ci gaba da kallon ruwa.

Haka damina ta yi nisa. Lokacin shuka gero ya wuce, na dawa ma ya wuce. Rumbun gidansu ya kusa ƙarewa, kuma babu abin da ke ƙasa da sunansu.

Wata safiya ya je duba tulun, ya tarar an fasa lakar, babu ko ƙwaya. Ya fito yana kiran mahaifiyarsa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ta ga ta nufi tudu tun da asuba.

Can ya same ta, ita kaɗai a tsakiyar tsakuwa, da ƙwarya a hannu. Ta gauraya irin acca da yashi, kamar yadda ake yi don kada ya taru wuri guda, tana tafiya a hankali saboda gwiwarta, tana watsawa.

Ya ce, "Mama, ina shinkafata?"

Ta ce, "Na kai wa uwar Zakka, ta ba ni acca."

"Irin da kika yi shekaru kina tarawa? Kika ba da shi saboda wannan ciyawar?"

Ta ajiye ƙwaryar a kan dutse, ta dube shi. Ta ce, "Kana tsammani kai kaɗai ka so fadamar nan? Ni na fi ka so. Na riga na ga kaina ina sheƙe shinkafarka a ƙofar gida, mata na wucewa suna yi mini barka. Na yi kukana ran gayya, a ɗaki, ba ka ji ba. Amma shinkafa ba ta yi a nan, Dogara, acca kuwa tana yi. Kuma ita kaɗai ce lokacinta bai wuce ba."

Ya juya ya dubi gangare. Daga nan tudun ana hango fadama, kore shar, har da farar rigar Zakka da ya rataye a jikin itace. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar, ya ce, "Zauna ki huta. Nuna mini yadda ake watsawa."

Ba su iya shuka gonar duka ba, gama an makara. Abin da suka shuka kuwa ya fito. Accar ta nuna tun shinkafar fadama ba ta yi kai ba, a lokacin da rumbuna suke fanko. Ba ta yi yawa ba, amma ta kai su kaka, har uwar Zakka ta aiko a sam mata na kunu.

Ma'anar wannan misali ita ce: gayyar nan ita ce jarrabawar ƙarshe ta jami'a, gonakin kuma su ne sakamakon da 'ya'yanmu suke dawowa da shi. Wani ya fito da daraja ta ɗaya. Wani ya sa rai ga ta biyu ta sama, ya sami ta ƙasa. Wani kuma ta uku. Akwai wanda ciwo ya ja shi baya, akwai wanda yake karatu yana neman abin da zai ci, akwai kuma wanda wasa ya ɗauke masa hankali, shi ma ya san kansa. Ko mene ne dalili, an riga an raba.

Irin shinkafa shi ne aikin da ka daɗe kana mafarkinsa, ofishin nan da ka riga ka ga kanka a ciki. Ba zan ruɗe ku ba, 'ya'yana, fadama ta fi tudu daɗin noma. Akwai ƙofofin da za ka je, a dubi takardarka, a ce ba irinku ake nema ba. Yana da zafi, kuma jin zafin ba zunubi ba ne. Ubangiji bai hana kowa kuka ba.

Abin da nake tsoro shi ne zaman bakin gaɓa. Na san samari da 'yan mata da suka gama bautar ƙasa, suka dawo suka rufe ɗaki. Ba sa zuwa sujada don kada a tambaye su da me suka fito. An ce ga makaranta na neman malami, ga wani zai koya musu sana'a, ga ƙaramin ofishi da za a fara daga ƙasa, sun ce ba don wannan suka yi karatu ba. Shekaru suna wucewa, suna kallon abokansu.

Acca ita ce aikin da ke gabanka yau, wanda zai karɓe ka yadda kake. Ƙwayarta ƙarama ce, har kana jin kunyar a gan ka da ita. Amma Allah da ke aiko da ruwa bai taɓa tambayar gona wace daraja ta samu ba kafin ya shayar da ita. Malamanka sun auna abin da ka rubuta a 'yan kwanaki. Shi kuwa yana duban abin da za ka yi da sauran kwanakinka.

Ku kuma iyaye, kun ga matar nan ba ta zagi ɗanta ba, ba ta kuma ɓoye masa cewa ita ma ta ji ciwo ba. Ta dai riga shi hawa tudun.

Ko wata rana za ka sami fadama? Ban sani ba. Wasu sun samu daga baya, wasu har suka tsufa a tudu suke, suka kuma ciyar da gidajensu da mutunci. Ba na ce ka daina so ba. Ka so ta, ka roƙa, ka kuma nema in dama ta zo. Amma gobe da safe, in Ubangiji ya tashe ka, ka fito da takardar nan daga ƙarƙashin akwati, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar da ka raina.