Mutumin da Ya Kai Ƙarar Kansa

"Na ce na gudu!"

"Ƙarya kake yi, Nomau, wallahi ba ka gudu ba!"

"Kai Cindo, da ƙafarka na gudu ko da tawa?"

A zamanin da ne aka yi wannan, a fadar wani sarki da shekarunsa suka shuɗe har sunansa ya ɓace. Mutanen nan biyu dakarunsa ne, watansu uku da dawowa daga yaƙin Tudun Ƙaya. A ƙasar kuwa akwai doka tun ta kakan Sarki: duk wanda ya ba abokan gaba baya, a ƙwace gonarsa, a fitar da shi ta ƙofar yamma, kada ya ƙara shan ruwan birnin. Yau ga Nomau ya wanke ƙafa ya zo ya kai ƙarar kansa, amininsa Cindo ya biyo shi yana ɗingishi yana ƙaryata shi.

Sarki ya gyara murya, ya sake gyarawa, don haka yake yi idan abu ya ɗaure masa kai. Ya ce, "Waziri, wane ne mai ƙara a nan?"

Waziri, wanda maganarsa ta hanci take fita kamar an cusa masa auduga, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wancan mai gemun."

"Wa ake ƙara?"

"Shi ɗin dai."

Sarki ya dubi Nomau ya ce ya faɗi yadda aka yi. Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na tuna an buga tambari. Na tuna ƙurar da ta tashi. Daga nan sai na gan ni ina gudu, mutane na kiran sunana a baya, ban waiwaya ba. Abin da ke tsakani babu shi, kamar an yanke da wuƙa. Kullum ina jin kiran nan. A kore ni ko na huta."

Cindo ya yi caraf ya ce, "Goya ni ya yi! Na faɗi na kasa tashi, ya goyo ni ya tsallake kogi da ni!"

Waziri ya ce, "Ka tabbata shi ne?"

"Shi ne mana." Cindo ya sosa ƙeya. "Ko jaki ne? Wata rana sai in ga kamar jaki ne. Amma dai da gemu. Jiya kuma na tuna kamar Innata ce, ita kuwa shekara goma da rasuwa."

Dariya ta kuɓuce wa fadawa. Wata mace a bakin ƙofa ba ta yi ba. Tabawa ce, matar Nomau. Aka ba ta izini ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san yaƙi ba. Na dai san tun da ya dawo ban isa in yi daka ba, da taɓarya ta sauka sai ya shige ƙarƙashin rumbu. Zai ci tuwo ya wanke hannu, ya ce, 'Tabawa, yau ba a girki ne?' Mutumin da bai san ya ci tuwo ba, shi za a yarda ya san ya gudu? Idan aka ƙwace gonar nan, 'ya'yana huɗu me za su ci?"

Waziri ya sa aka kirawo dakaru uku da suka tsaya sahu ɗaya da Nomau. Na farko ya rantse da hantsi aka gwabza. Na biyu ya ce bayan la'asar ne, sai ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Na uku, wani ƙato mai muryar ganga, ya ce, "Nomau? Allah ya jiƙan rai. Ai da hannuna na rufe shi."

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Sarki ya cire hannu daga haɓa. "Waziri, yaƙi ɗaya na tura su ko biyar?"

"Allah ya ba ka nasara, bakinsu ya rikice. A tambayi wanda ya ga jikinsu."

Aka zo da Sarkin Aska, tsohon wanzamin da ya yi jinyar masu rauni. Ba ya ji sosai, saboda haka da ihu yake magana. "NI NA CIRE MASA KAN KIBIYA! TA BAYA TA SHIGE SHI, NAN BAYAN KWIƁI!"

Fada ta ɗauki guna-guni. Rauni ta baya, ai magana ta ƙare. Tabawa ta ɗora hannu a ka. Nomau kuwa har da ajiyar zuciya, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Tsohon bai san an gama ba, ya ci gaba. "SAI DAI BA TA YI ZURFI BA, TA ISO A GAJIYE! WANCAN KUMA, CINDO, TA HUDA CINYARSA TA FITA, NA NEMI KAN KIBIYAR NA RASA!"

Waziri ya lumshe ido ya daɗe. Da ya buɗe sai ya ce, "Nomau, tuɓe riga. Cindo, naɗe wando. To, goya shi."

Nomau ya ce, "A gaban Sarki?"

"Goya shi na ce."

Nomau ya tsuguna, Cindo ya hau. Ba wanda ya nuna musu yadda za su yi. Hannun Nomau na hagu ya tafi da kansa ya tallabi cinyar mai ciwo, ya kauce wa tabon. Da ya miƙe, Waziri ya matso da sandarsa ya nuna. Tabon cinyar Cindo ya zauna daidai kan tabon kwiɓin Nomau, ko tsinke ba ya shiga tsakani. Kibiya ɗaya ce ta ɗinke su.

Numfashin Nomau ya sauya, gumi ya karyo masa. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Riƙe wuyana da kyau. Kar ka duba baya."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Sarki ya miƙe tsaye ya ce, "Ya ba abokan gaba baya, amma da ɗan'uwansa a kai. Gonarsa tasa ce, ƙofar yamma kuma ba ta ganin ƙeyarsa. Daga yau, wanda ya dawo daga yaƙi ba a hukunta shi da abin da bakinsa kaɗai ya faɗa. A ware musu gida can bayan masaƙa, nesa da makaɗa da maƙera, tsofaffin mayaƙa su riƙa zama da su, Sarkin Aska ya duba su, har hankalinsu ya biyo su gida."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiyarka, Zaki! An gaishe ka!"

Sarki ya zauna. Sai ya lura har yanzu Nomau na tsaye da kayansa, Cindo kuwa ya kwantar da kai a kafaɗarsa, barci ya kwashe shi har da minshari.

Sarki ya sassauta murya ya ce, "Nomau, an gama. Sauke shi haka nan."

Nomau ya dubi busasshen daɓen fada, ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ya ƙara gyara goyonsa. Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe. A tsakiyar kogi?"