Gangar Noma a Tudun Marke

Ku saurara da kyau, don ku za ku yanke hukunci.

Bayan an ci ƙasarmu da yaƙi, sojojin ƙetare suka karɓi mulkin Tudun Marke. Dokarsu ta farko: kada a sake kaɗa ganga, domin a wurinsu duk ganga kiran yaƙi ce.

Damina ta faɗi. Gwaggo Tabawa, wadda yaƙin ya cinye 'ya'yanta maza, ta kira gayya a gonarta. Ɗangoje makaɗi ya ce ba a gayya shiru kamar jana'iza, ya ɗauki gangar noma ya kaɗa. Aka kama shi, kwamanda ya ce a harbe shi.

Malam Hudu tafinta, wanda gari ya daina amsa wa sallama don yana yi wa baƙi aiki, ya yi wa kwamanda bayani cewa gangar noma ce, amma kwamanda bai yarda ba. Sai Hudu ya ce, "Ranka ya daɗe, jinkirta zuwa gobe ka ga aikin gangar da idonka. In ta yaƙi ce, ka haɗa da ni." Aka jinkirta. Washegari sojoji suka kawo Ɗangoje gonar da gangarsa.

Amma tsoro ya sa maza sun ɓuya. Tabawa ta bi su gida-gida. "Don gonata za a kashe shi, ku kuna ƙarƙashin gado? Ku ba ni wandunan, ga zane!" Kunya ta fito da su, kowa da garmarsa.

Da kwamanda ya ga taro riƙe da ƙarafa, sai ya ɗaga hannu zai ba da umarnin harbi. Wani soja da ake kira Jan Kunne, ɗan manomi a ƙasarsu, ya ajiye bindiga, ya shiga tsakiyar layin, ya karɓi garma. Ɗangoje ya kaɗa, layi ya tafi tare, ƙasa na tashi. Kwamanda ya sauke hannu, ya saki Ɗangoje.

To, gwaji ya ƙare, za a fara gayya sosai, kuma al'adar Ɗangoje ce ya buɗe kowace gayya da taken mutum ɗaya tak. Wasu suka ce Hudu, aka ce ai abincin baƙi yake ci. Wasu suka ce Tabawa, aka ce ai gayyarta ce ta jawo. Wasu suka ce Jan Kunne, aka ce wa ya sani ko harsashinsa ne ya kashe 'ya'yan Tabawa?

Ga manoma sun jeru, ga Ɗangoje riƙe da makaɗi. Taken wa zai kaɗa?