Faratan Ruƙayyatu da Saƙon Turba

Akwai wata mata a Sabon Birni mai suna Ruƙayyatu, matar Alhaji Na'Allah mai sayar da hatsi. A shekarun da ruwa ya riƙa ɗaukewa gero na shirin fitar da kai, gidansu na cikin 'yan gidajen da ba a rage tuwo ba.

'Yar ƙauyen Turba ce. Can mahaifiyarta take zaune tare da ƙanenta Sammani. Da farko takan aika musu abin da ya samu. Da rashin ruwan ya daɗe, kira ya yi yawa, sai ta fara jin kowace gaisuwa share fagen roƙo ce. Daga baya in ta ga lambar Sammani, kifa wayar take yi.

A lokacin, da hannu ake gane halin da mace take ciki. Rijiyoyi sun yi nisa, igiyar guga ta cinye tafin mata, faratansu sun kakkarye. Ruƙayyatu ta so duk wanda ya dubi nata ya san ba ta jan ruwa. Abin da ya kai ta shagon Saude ke nan.

Saude ma 'yar Turba ce, tare suka yi makarantar allo. Ta koyo ƙunshi da liƙa farcen roba a Sakkwato, kuma duk garin ita kaɗai ta iya. Ba sa ga maciji da juna, domin kowacce tana tune da lokacin da ɗayar ba ta da takalmi.

Ruƙayyatu ta zauna ba ta gaishe ta ba, ta miƙa hannu.

"Dogaye nika so, jajaye. Ki sa gam mai ƙarfi, ba irin wanda kika yi wa talakawa ya ɓalle kwana biyu ba."

"Hajiya manya," in ji Saude, tana goge mata farce. "Wanga in ya kama, sai da magani shika fita. Kin yarda?"

"Shi nika so."

Saude ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Jiya na ga Sammani bakin kasuwa. Ya ce ya yi ta kiranki, ya ce in faɗa miki..."

"Na san abin da ya ce. Buhu ne."

"Ki bari in ƙare mana."

"Ke kuma mi anka yi miki alkawari? Tiya guda in kin kawo buhun?" Ruƙayyatu ta yi dariya, ta dubi matan da ke jiran layi. "Mutanen Turba ke nan. Sun gaji da roƙo da bakinsu, sun ɗauki 'yar aike mai wankin ƙafa."

Wata ta sunkuyar da kai. Wata ta ƙyalƙyale. Hannun Saude ya tsaya cak.

"Ruƙayya, ni kika ce wa haka? Ni da munka ci gayan tuwo kwano guda?"

"Gyaran farce na zo, ba tarihi ba. In kinka ƙara ambatar Turba, tashi za ni yi."

Saude ta dube ta. Sannan ta jawo kwalbar gam.

"To, Hajiya. Na yi shiru."

Kuma ta yi shirun. Ta liƙa faratan ɗaya bayan ɗaya, ta danna kowanne har ya kama, ta shafe su da ja. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Ruƙayyatu ta fita tana ɗaga yatsu kamar mai tsoron iska ta taɓa su.

Washegari da hantsi Sammani ya tsaya ƙofar gidanta a kan babur, ƙura har gira. Bai sauka ba.

"Inna ta cika. Ki hau, ana jiranki."

A Turba ta tarar an kawo jarkar ruwa daga nesa, an ajiye ƙofar ɗakin mahaifiyarta. Gwaggo Fatu, ƙanwar mahaifinta, wadda ke yi wa matan unguwar wankan gawa, ta tare ta.

"Uwarki ta bar wasiyya, ke za ki kama mini wankanta. Yi alwala ki shigo."

Ruƙayyatu ta fito da hannuwanta daga mayafi.

"Mi ne ne wanga?" in ji Gwaggo Fatu. "Da waɗanga za ki taɓa jikinta, ki yage mata fata? Ruwan alwala ma ba shi ratsa su. Cire."

Ruƙayyatu ta ja faratan, ba su motsa ba. Ta sa haƙori. Ta karɓi reza ta soka ta ƙasa, ɗaya ya ɗago tare da nata farcen, jini ya biyo yatsa ya sauka a zaninta.

"Gwaggo, ki jira ni, don Allah. A je Sabon Birni a karɓo magani."

"Rana na yi, maza sun gama haƙa kabari. Gawa ba ta jiran kwalliya."

Gwaggo Fatu ta kira wata maƙwabciya suka shiga, suka saki labule. Ruƙayyatu ta zauna a jikin bango, tana jin ƙarar ruwan da ake tsiyayawa kaɗan-kaɗan don kar ya ƙare, har aka gama.

Sai da aka dawo daga maƙabarta Saude ta iso gaisuwa. Ruƙayyatu ta miƙe.

"Kin sani! Kin san tana kwance, kinka bar ni na tafi gida!"

"Ke kinka rufe mini baki gaban mutane."

"Ku yi mana shiru," in ji Gwaggo Fatu. "Ɗaya ta hana a faɗa, ɗaya ta ji haushi ta haɗiye. Tsohuwa kuwa ta kwana tana duban ƙofa."

Saude ta buɗe jakarta, ta fito da auduga da kwalbar maganin cire gam. Ta zauna, ta kamo hannun Ruƙayyatu ba tare da ta dube ta ba, ta fara jiƙa faratan.

Can Ruƙayyatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mi ne ne saƙon?"

Saude ba ta ɗago ba.

"Ta ce a faɗa miki ba hatsi taka so ba. Ke taka son gani."

Darasi: Kada wadata ta sa ka yanke wa mutum magana don kana zaton ka san abin da zai ce. Kai kuma da aka ba saƙo, ka isar da shi ko an ci maka mutunci, domin saƙon ba naka ba ne. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san ya daina ɗaga wayar gida.