Shafin da Ke Ce wa Kowa "Mun Gode"

Akwai wani injiniyan kwamfuta da abokan aikinsa ke kira Malam Kore. Sunan ya samo asali ne daga babban allon da ke bangon ofishinsu. In komai na tafiya daidai fitilun allon kore ne, in an sami matsala su koma ja. Shi kuwa bawan Allahn nan ya tsani ja kamar ciwon haƙori.

Kamfaninsu ne ke riƙe da shafukan intanet na makarantu da dama, a kan wasu manyan kwamfutoci da aka haɗa wuri guda. Kowane aiki yana cikin ɗan kwantenansa, wato nasa keɓaɓɓen wuri a cikin kwamfutocin. A bakin ƙofa akwai manhajar da ke duba adireshin duk saƙon da ya shigo, ta tura shi inda ya dace. Wanda adireshinsa bai yi daidai da ko'ina ba, sai a miƙa shi ga wani ƙaramin shafi na ko-ta-kwana, ya gaya wa mutum gaskiya: "Ba a sami wannan shafi ba."

To, da suka sauya tsari adireshi da yawa suka canza. Mutane kuma suka ci gaba da zuwa da tsofaffin. Duk wanda aka ce wa "ba a samu ba", allo ya ƙirga shi a matsayin kuskure. Allo ya yi jawur, Manaja ya fara ɗaure fuska.

Maimakon Malam Kore ya zauna ya bi tsofaffin adireshin nan ya haɗa su da sababbi, sai ya yi dabara. Ya gyara shafin ko-ta-kwana, ya sa duk wanda ya faɗo cikinsa a ce masa: "Komai ya tafi daidai. Mun gode." Nan take allo ya koma kore shar.

Dogo, wanda teburinsa ke kusa da nasa, ya leƙo ya ce, "Kai Kore, wannan ai ƙarya ka koya wa na'ura. In wani ya turo abu mai muhimmanci fa?"

"Wa zai turo abu mai muhimmanci ta tsohon adireshi? Wanda bai iya bin hanya ba, shi ya sani. Ka sha shayinka kawai."

Manaja ya yaba masa a gaban kowa. Ranar har tafiyarsa ta canza.

A gida yana da ƙanwa, Auta. Tun tana yarinya ba ta da buri sai aikin jinya. Ita ce ta yi jinyar mahaifinsu har Allah ya karɓi abinsa, shi ya sa karatun nata ya yi ta ja da baya. Bana ce shekarar ƙarshe da makarantar jinya za ta karɓi mai shekarunta, kuma kamfanin yayanta ne ke riƙe da shafin makarantar.

Wata ƙawarta ta turo mata adireshin neman gurbi, ashe na bara ne da ke ta yawo a wayoyin mutane. Yana buɗewa lafiya lau, sai dai maɓallin aikawarsa tsohuwar hanya yake bi. Auta ta cike komai, ta ɗora takardunta, ta yi bismillah ta danna.

Da gudu ta same shi a falo yana cin abinci. "Yaya, duba min, ya tafi?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Me ya rubuta miki?"

"Ya ce komai ya tafi daidai, mun gode."

"To me kike so kuma, ya yi miki guɗa? Matsa min, kin tare min fanka."

Umma ta yi dariya, ta ce Allah ya sa a dace. Wallahi jama'a, da ya karɓi wayar nan ya kalla sau ɗaya, da ya gane rubutun hannunsa.

Aka rufe karɓar takardu. Aka fara kiran mutane ganawa. An kira 'yar maƙwabta, an kira wata da Auta ke koya wa lissafi, ita shiru. Kullum wayarta na hannunta, ko wanka za ta shiga sai ta ajiye ta a bakin taga.

Da abin ya ishi Umma ta ce, "Kai da kake cikinsu, ba za ka duba mana ba?"

Washegari da safe ya zauna a teburinsa ya nemi sunanta. Babu. Ya nema da lambar wayarta. Babu. Ya kira ta ya ce ta turo masa adireshin da ta bi. Yana gani ya gane tsohon adireshi ne, mai faɗawa shafin ko-ta-kwana.

Shafin ko-ta-kwana ba ya ajiye komai. Amsa kawai yake bayarwa, abin da aka miƙa masa ya watsar.

Dogo ya bar aikinsa ya taya shi tono, suka duba ko'ina har azahar, ko ƙurar takardun ba su gani ba. Malam Kore ya je wurin Manaja, Manaja ya ce ba hurumin kamfani ba ne. Ya tafi makarantar da ƙafarsa, ya tsaya gaban matar da ke riƙe da muƙamin magatakarda yana rantse-rantse cewa laifin nasa ne. Matar ta saurare shi da tausayi, ta ce, "Ɗana, an riga an cike guraben. Wa zan cire in sa ta?"

Ya tambaya ko za a ɗaga mata ƙafa baɗi. Ta girgiza kai, ta ce dokar shekaru ba ita ta kafa ta ba.

A ranar ya mayar da shafin yadda yake, allo ya yi ja, bai ko kalle shi ba. Abin da ya fi cin ransa, bai san mutum nawa ne suka koma gida da murna irin ta Auta ba. Ba shi da sunan kowa, balle ya kira ya ba da haƙuri.

Ya iske Auta a tsakar gida tana shanya. Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ya so ta yi ihu, ta zage shi, ko ya ji sauƙi. Ba ta yi ba.

"To Yaya, takarduna suna ina yanzu?"

"Ba su ko'ina, Auta."

Ta daɗe riƙe da jiƙaƙƙen zanin Umma, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Can ta ce, a hankali, "Da ya ce min bai samu ba, ai da na sake turawa. Lokacin akwai sauran lokaci."

Darasi: Kada ka ce wa mutum "an gama" don kawai a ga aikinka fes. Wanda ya ɓata hanya, gaya masa ya ɓata tun yana da damar juyawa, ko da gaskiyar za ta ɓata maka suna na yini guda. Ku tura wa duk wanda aikinsa ke amsa wa jama'a, a ofis ne ko a na'ura.