Malam Kurege da Ƙwaryar Aikin Gida

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku bar ture-ture.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne.

Kurege ne dai, wannan da kuka sani, wanda cikinsa ke yi masa tunani. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau kowa ya cika rumbu, shi kuwa ko fartanya bai taɓa ba. Ya zauna ya saƙa wannan ya kwance wancan, sai ya naɗa tsumma a ka, ya share gindin tsamiya, ya ce ya buɗe makarantar lissafi. Dabbobi suka kawo 'ya'yansu manya da ƙanana, har da buhun gyaɗa na gaisuwar malam. Shi ma ya sa 'yarsa Talle, wadda uwarta ta rasu ta bar masa ita tana rarrafe. Duk duniya, bayan cikinsa, ba abin da Kurege yake so kamar Talle.

Da za a tashi ya ce, "Akwai aikin gida. Kowa ya ɗebi gyaɗa ƙwarya guda a rumbun gidansu, ya ɓare da hannunsa yana ƙirgawa, kada wani ya taya shi. Gobe ya kawo malam ya duba."

Bushiya ta ce, "Malam, har da ƙananan nan da aka yaye jiya-jiya?"

Ya ce, "Ƙwarya guda, kowa da kowa."

Duba kuwa da baki yake yi. Ya duba, ya duba, har wuyansa ya yi kauri.

Manyan yara dai abin ya karɓe su. Su ɓare, su jera tsibi-tsibi, su haɗa, su raba, kafin la'asar sun gama sun fita wasa. Ƙananan fa? Allah sarki. Ba su iya ƙirga abin da ya wuce yatsunsu ba, sai ɓara, sai kuka, sai gyangyaɗi a kan ƙwarya. Dandalin ƙanana ya yi tsit, ba mai langa, ba mai gaɗa.

Talle ma ƙwarya guda, daga buhun gaisuwar nan, don kada a ce malam ya ware tasa. Yatsunta suka tsage. Wata rana ta ɗago ido ta ce, "Baba, hannuna na ciwo." Zuciyarsa ta karye, amma ya leƙa rumbunsa ya ga ya kusa cika, sai ya haɗiye tausayin ya ce, "Ƙwarya guda, kowa da kowa."

Ana nan, manyan yara da suka iya lissafi suka fara lissafa malam. Gyaɗa tana shiga rumbunsa, ba ta dawowa. Ɗan Kura ya kai wa uwarsa magana. Da safe sai ga Kura da iyaye a bayanta, ta taka wutsiyar Kurege ta ce, "Ɓarawo da rawani! Yau da kai zan karya kumallo."

Kurege ya ji fitsari na neman ƙwace masa, amma ya gyara murya ya ce, "Hajiya, wa ya gano?"

"Ɗana."

"Bara ya iya ƙirga?"

"Ko haƙoransa bai san yawansu ba."

"To, alhamdu lillahi! Jarrabawa ce na yi musu. Na ci gyaɗar, ina ƙin ta ina ci, don in ga wanda zai gane. Ɗanki ne ya zo na ɗaya."

Kura ta ɗaga ƙafa, ta rangaɗa guɗa. Iyaye suka hau sa masa albarka, suka ce a ƙara aikin gida. Kurege ya tuna yatsun Talle, ya ce a hankali, "Manyan dai a ƙara musu. Ƙananan a bar su su yi wasa, ba abin da suke samu a ciki."

Kura ta zare ido. "Wato namu ƙananan su zauna a baya? Kai da bakinka ka ce mene?"

Iyaye suka amsa baki ɗaya, "Kowa da kowa!"

Ya tsira da wutsiyarsa, amma ya koma gida jiki a sanyaye. Ya tarar da Talle a bakin ƙofa, ta naɗe yatsu da ganye tana ɓara. Ya ce, "Talle, ajiye. Zo wurin Baba."

Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, saura kaɗan."

"Ni ne fa, Babanki."

"To, Malam."

Ya matso ya sa hannu zai taya ta. Ta janye ƙwaryar ta rungume, ta ce, "An hana a taya mu."

Kurege ya zauna a ƙasa. Ya jefa gyaɗa ɗaya a baki don ya danne kuka, ta tsaya masa a maƙogwaro ta ƙi wucewa. Ya yi kuka, ya yi kuka, Talle kuwa ba ta ɗago ba, tana ta ɓara.

Kurunkus, kan ɓera ya faɗa cikin ɓawon gyaɗa. Duk wanda zai cuci 'ya'yan mutane da aikin gida, ya fara kai tasa 'yar zuwa wata makarantar.