Bishiyar Lemon da Mutum Bakwai Suka Shayar

An ce wani sarki, sunansa dai ban riƙe ba, yana da bishiyar lemo guda a lambunsa, mahaifiyarsa ce ta dasa kafin ta rasu. Ba abin da yake ji da shi kamarta. Kwatsam sai ganye ya fara zuba, kafin wata guda ta bushe ƙayau. Ran sarki ya ɓaci, ya ce masu aikin lambun su bakwai, har da Baba Jatau da ya tsufa a ciki, duk su bar masa gari ran Juma'a.

Waziri bai yi musu ba. Sai dai ya roƙi sarki su leƙa bayan kasuwa wajen Gwaggo Ladingo mai daddawa, wadda ke da ma'aikata huɗu, shekara goma ba wadda ta taɓa barinta.

Suka je. Wari kam ba a magana, sarki har da toshe hanci da bakin rawani. Ya ga wani kwando a lulluɓe da buhu, ya kai hannu zai ɗaga, sai tsohuwa ta ce, "Ya sarki, gari naka ne, amma buɗe kwandon nan na Tasalla ne, ita na ba aikin."

Sarki ya yi dariya, ya tambayi dalili. Ta ce ai kalwa in an rufe ta, kowa ya dinga leƙawa, lalacewa take. Shi ya sa duk ranar da ta ɗauki mutum aiki sai ta zaunar da shi ta faɗa masa abu uku: ga aikinka, ga ranar hutunka, in kuma ka yi kuskure za a ji ta bakinka kafin hukunci. Da waziri ya ba ta labarin bishiyar, sai ta ce wa sarki, "Cikin bakwai ɗin nan, wa ka ba ban ruwan?"

"Dukansu."

"To, ɗana, ƙishirwa ce ta kashe ta, ko ƙoshi?"

Da sarki ya koma ya sa aka tona gindin bishiyar. Wallahi taɓo ne zalla, saiwa duk ta ruɓe. Ya kira masu aikin lambun ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowannensu, da yake ya san yadda sarki ke sonta, zuwa yake ya shayar da ita ba tare da ya faɗa wa ɗan'uwansa ba. Baba Jatau ma safe da yamma.

Idon sarki ya ciko. Ya janye korar, ya raba wa kowa aikinsa da ranar hutunsa, ya damƙa wa Baba Jatau sabon dashe shi kaɗai.

Bayan kwana biyu sarki ya lallaɓo da buta zai ɗan tsiyaya wa dashen ruwa. Tsoho ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, lambu naka ne, amma ban ruwan nan nawa ne."

Sarki ya ajiye buta yana murmushi, ya dubi waziri ya ce, "Ashe adalci shi ne ka faɗa wa mutum aikinsa kafin ka faɗa masa laifinsa."